Layi Na Goma Sha Huɗu

Shekara ta uku ke nan ina ƙirga dankali
a kan tudun Puno, inda iska ke rowa,
mutum na jan numfashi kamar mai roƙon bashi.

Can a Lima, Farfesa Ugarte ya ce,
"Nelida, tambaya ɗaya tak ake so:
wane iri ne ke jure daren da sanyi ke ƙona ganye?"
Na ɗauka tambaya ɗaya abu ne mai sauƙi.
Ta cinye mini takalma ƙafa biyu,
ta cinye kuɗin tallafi tun ba a kai rabin shekara ba,
ta cinye haƙurin Wilber, har ya daina kira.

Layi ashirin na shuka.
Sha tara 'yan ɗakin gwaji ne, rainon kwalba,
kowanne da lamba a madadin suna.
Na sha huɗu kuwa na kakata Eusebiya ne,
baƙi, mai ɗaci, duk jiki ƙulu-ƙulu.
Don cike gurbi na sa shi,
don a sami abin da za a ce an fi.

Shekarar fari sanyin bai zo ba.
Ka ji abin kunya:
'yar manomi tana fatan masifa ta faɗa wa gona.
Ta biyu, tumakin maƙwabci suka ɓalle shinge,
suka kiwace babi na uku ƙurmus.
Na aika wa Farfesa shafi huɗu na bayani,
ya maido kalma biyu: "Sake shukawa."

Babana ya ce, "Mutane na tambaya,
likitar me za ki zama?"
Na ce, ta dankali.
Ya gyara hularsa, ya bi bayan jakinsa.

Sai wani dare a Fabrairu sama ta washe,
taurari suka matso kamar a miƙa hannu.
Kaka ta leƙo ta ce, "Yau zai sauko."
Maƙwabta suka fito da busasshiyar ciyawa,
kowa na turara gonarsa da hayaƙi.
Ni ce kaɗai ba ni da izinin ceto.
Na zauna cikin bargo biyu da tocila a baki,
yatsu sun ƙi riƙe biro,
ma'auni na sauka, na sauka,
ƙarfe uku ya tsaya a huɗu ƙasa da sifili.
Na rubuta. Aikin ke nan: ka ga mutuwa, ka sa mata lokaci.

Da gari ya waye, sha tara sun kwanta,
baƙi ƙirin kamar an bi su da wuta.
Na sha huɗu na tsaye,
raɓa na ɗiga daga ganyensa, ko a jikinsa.

Kaka ta dafa sanda ta dube shi, ta dube ni.
"Wannan kika je nema har Lima?
Da kin tambaye ni a bakin murhu."
Na ce, Kaka, na yarda kin san yana jurewa,
dalilin ne ba wanda ya sani.
Ta ce, "Dalili? Ai halinsa ne."

Yanzu ga ni a ɗakin gwaji, hawa na biyu,
ina niƙa ganyensa a ƙaramin turmi mai sanyi,
ina bin sawun wannan hali ɗigo-ɗigo.
Sau shida na gwada, sau huɗu ya ƙi magana.
Kundina bai kai rabi ba,
mai gadi ya san ni fiye da mai gidan haya.

Jiya aka ba ni takarda in cike:
"Asalin irin da aka yi amfani da shi."
Layin gajere ne, na lamba aka yi shi.
Na matse haruffa na rubuta sunanta,
ita da ba ta taɓa karanta shi ba,
har ya ɗan fita gefen shafi.