Sukudireba a Kunne

Shekara arba'in ba biyu ina ƙarƙashin mota
a inuwar darbejiyar nan ta bayan Tashar Dukku.
Ƙasar wurin ta sha baƙin mai har ta ƙoshi,
duk albarkar damina, ciyawa ba ta kusantarta.

Fijo ce ta raine ni.
Ita ba ta san ɓoye-ɓoye ba:
ka ɗaga bonet, ga hanji, ga huhu, kowa a mazauninsa.
In ta yi tari, kafireto ne, in busa shi da bakina.
In ta yi gardamar tashi da asuba,
in goge kwantak da gefen kwalin ashana.
Nakan kafa tsinin sukudireba a jikin inji,
in ɗora ƙotar a kunnena,
ta faɗa mini abin da ke damunta
kamar majinyacin da ba ya jin nauyin likita.

Na tuna daren da fanbel ya tsinke mana bayan Bojude,
mu tara a ciki, buhun gero biyu a sama.
Wata tsohuwa, Adda Jebbu, ta kwance igiyar akuyarta.
Na tufke, na ɗaure, na yi bisimilla.
Igiyar ta kawo mu Gombe
kafin ladanin Jekadafari ya yi kiran farko,
akuyar kuwa a cinyar mai ita ta ƙarasa tafiyar.

Yanzu fa?
Makon jiya aka jawo wata, baƙa wuluk, sai sheƙi,
ko ramin makulli ba ta da shi, maɓalli ake dannawa.
Na ɗaga bonet, na tarar da murfin roba,
na cire murfin, na tarar da wani murfin.
Inji ya yi lulluɓi, ba ya gaisawa da baƙo.
Fitila ɗaya ta kama a gaban direba, ruwan ɗorawa,
shi ke nan, mota ta yi gum.
Ba a ɗaure ta da igiya, ba a lallashinta da turi.
Abin da ya mutu a cikinta ba a jinyarsa, jefarwa ake,
sabon kuwa yana Legas, ko yana bisa teku,
kuɗinsa ya sayi Fijo biyu har da tayoyinsu.

Ɗana Babayo ya zo da 'yar na'urarsa,
ya jona ta ƙarƙashin sitiyari.
Lambobi suka jeru, ya bi su da ido kamar mai duba.
Ya ce sansa ce. Aka aika Kano, aka kawo, aka sa.
Shiru.
Ya ce, to ƙwaƙwalwar ce ta ƙone.
Mai mota ya cire hula ya share gumi.

Ni dai na durƙusa, don gwiwa ta saba.
Sai na shaƙi wani wari da na sani tun a rumbun kakata.
Na zura hannu bayan batir:
ɓawon gyaɗa, guntun tsumma,
da wata waya siririya da ɓera ya yi kalaci da ita.
Na fere, na murɗe, na naɗe da salatif.
Aka danna maɓalli. Ta tashi,
ko tari babu, kamar ba ita ba.

Babayo bai ce uffan ba. Ni ma ban ce ba,
don na san abin da na sani.
Fijon da nake yabo tana shan mai kamar raƙumi ya ga rijiya,
hayaƙinta na nan kwance a ƙirjina, shi ke tashe ni da dare,
birkinta ya taɓa cin amanar mutum shida a gangara.
Irin wannan baƙar kuwa, ranar da ta yi karo,
balan-balan ke fitowa ta rungume mai ita.

Kunnen hagu ma ya fara yi mini rowa.
Shekaranjiya na kafa sukudireba, na ji tsit,
alhali inji na ta aikinsa.
Da la'asar, bayan yara sun watse,
na ce wa Babayo, nuna mini inda ake jona abin nan.
Ya miƙo mini. Ba nauyi, kamar sandar sabulu.
Na ce, to, kai kuma riƙe wannan.
Ƙotar a kunne, ba a kunci ba.
Yi shiru.
Me ka ji?