Tsohon da Ke Cizon Kayana

Ran Lahadi nake baza hajata
a gindin tudun Valparaíso, inda iskar teku
ke cusa ƙarnin kifi har cikin aljihuna.
Motoci ne, 'yan tsana, agwagwar roba,
da jirgin sama mai waƙa in ka latsa cikinsa.
Ni Zoila, shekara sha tara ina wannan sana'a,
ban taɓa gamo da mai saye irin Eleuterio ba.

Ya zo yana dogara sanda.
Bai ce nawa ba, bai ce rage mini ba.
Zomon auduga ya ɗauka,
ya sa farce a idonsa ya ja,
idon ya fito kamar ƙwayar wake.
Ya ajiye mini a tafin hannu, bai ce uffan ba.

Na ce, Baba, ciniki ka zo ko ɓarna?

Ya zaro guntun bututu daga aljihu,
faɗinsa bai fi yatsu biyu ba.
Ya ce, Wannan maƙogwaron jikata ne, Maite,
watanta sha huɗu a duniya.
Duk abin da ya wuce ta nan
ba zai wuce ƙofar gidanmu ba.

Tayar mota ta wuce.
Ƙararrawar wuyan kyanwa ta wuce.
Takalmin 'yar tsana ya faɗa, sulub, ya fito ta ƙasa.
Ya shinshina fentin doki, ya yamutsa fuska.
Ya naɗa igiyar agwagwa a tsintsiyar hannunsa,
sau biyu ta zagaya, har da saura.
Ya ce, Abin da ya zagaye hannu, wuya yake nema.
Jirgin mai waƙa kuwa, ya kifar da shi,
ɗan yatsa kawai ya sa, murfin baya ya ɓalle,
ga batir ƙarami yana sheƙi, sai ka ce alewa.

Nan ne hannunsa ya soma rawa.

Ya ce, Uban yarinyar nan, yana ɗan shekara biyu,
ido ne ya haɗiye, irin wanda ke hannunki.
Tsakar dare, babu mota, babu kowa.
Na saɓa shi a kafaɗa na gangaro matakala,
ɗari da sittin da uku, ban ƙirga ba a daren,
daga baya na koma na ƙirga.
Leɓensa ya yi shuɗi kamar ruwan tasha.
Ya rayu. Bas yake ja yanzu, har da tumbi.
Amma ni har yau ban gama sauka ba.

Na rasa bakin magana.
Masu wucewa suna ta wucewa.

Can ƙarƙashin kwali ya hango
wani kwalekwalen katako, sassaƙa guda,
ba ƙusa, ba fenti, ba filafilai,
shekara uku yana nan, ko kallo bai samu ba.
Ya gwada shi a bututu, ya ƙi shiga.
Ya goga shi a kumatu yana neman sartse.
Sannan ya sa haƙori ya gartsa masa cizo,
ya tsaya yana sauraron harshensa.
Ya biya yadda na faɗa. Shi ke nan, ya juya.

Wata Lahadin sai ga shi da ita a kafaɗa,
kwalekwalen a bakinta, miyau har gwiwar hannu.
Na karɓa na duba:
ga gurbin haƙoransa, manya, a karkace,
ga huɗu ƙanana kusa da su, sababbi.

A daren na yanki bututun ruwa na bayan gida.
Yanzu shimfiɗata biyu ce,
ta masu wayo, da ta masu kai komai baki.
Ciniki ya ɗan ja baya, ba zan ɓoye ba.
Idon zomon yana nan cikin gwangwanin canjina,
kullum na sa hannu sai na taɓa shi.