Shafi na Goma Sha Bakwai

Ni ce mai rubuta abin da aka faɗa a majalisar garinmu.
Shekara ashirin da biyu ina kujerar kusa da taga,
inda ruwan saman Chiloé ke bin tsagar katako
yana jiƙa mini gefen takarda.
Otilia Mansilla. Ba ni da ƙuri'a,
alƙalami kawai gare ni.

Filin na Eliseo Barría ne, mai gyaran kwalekwale,
wanda ya mutu bai iya karanta sunan jirginsa ba.
Da dangwalen yatsa ya bar wasiyya:
a gina ɗakin karatu, ƙofarsa ta kalli teku,
'ya'yan masunta su sami wurin fakewa in ana ruwa.
Shekara shida muna sayar da gasasshen dankali
muna tara kuɗin rufi.

Sai daren wata Talata aka ce zaman sirri.
Aka ja sakata.
Magajin gari Oyarzo ya gyara wuyan riga
ya ce ƙasar filin tana zaizayewa,
wai injiniya ya auna, wai akwai rahoto.
Gara a musanya da fadamar bayan maƙabarta,
wadda ke haɗiye takalmin mutum har ƙwauri.
Filin Eliseo kuwa, ga wani kamfanin kifi
zai taimaka ya karɓa, ya gina ɗakin sanyi.

Ƙasar da ba ta iya ɗaukar littafi
za ta ɗauki ƙanƙara da manyan motoci.

Hannu biyar suka tashi.
Ɗaya na kansila Cárcamo ne,
wanda mijin ƙanwarsa ya sa hannu a takardar kamfanin.
Bai fita ba, ko tari bai yi ba.

Herminia Ulloa ta bar nata hannun a cinya.
Ta ce, ina rahoton? A ba ni in gani.
Wa ya yanke farashin?
Me ya hana mai suruki a cikin ciniki ya ba mu wuri?
Shiru, sai ɗigar ruwa a bokiti.
Magajin gari ya dube ni da murmushi:
Otilia, wannan ba sai ya shiga littafi ba.
A bar kaza cikin gashinta.

Na koma gida, na ƙara itace a murhu.
Saura shekara biyu in fara karɓar fansho,
na ƙirga su a yatsa, na sake ƙirgawa.
Na tuna babban yatsan Eliseo, baƙi ƙirin da tawada,
yana tambayata ko ya danna daidai.

Na rubuta.
Tambaya uku, sunan mai tambaya, tsawon shirun,
da sunan wanda bai fita ba.
Ƙa'ida ta ce a liƙa bayanin zama a allon ƙofa,
ƙa'idar da muka daɗe da mantawa.
Da ƙusa huɗu na kafe shi kafin gari ya waye.

Wata mai sayar da kifi ta tsaya da kwandonta
ta ce wa jikanta, karanta mini da ƙarfi.
Yaron yana haɗa baƙi da ƙyar,
mutane suna taruwa a ƙarƙashin laima.

Ba zan ce an ci nasara ba.
An ce ana bincike, wata tara ke nan.
Rahoton injiniya har yau ba wanda ya ga ƙeyarsa.
Ni kuma an mayar da ni ofishin rajistar kaburbura,
inda ba mai cewa in goge komai.

Filin yana nan, ciyawa har gwiwa.
Jiya na wuce na ga akwatin kifi a kan dutse,
an lulluɓe shi da leda, an danne da igiyar jirgi.
Littattafai tara ne a ciki.
Wata yarinya ta tsuguna, ta juya wa iska baya,
tana lasar yatsa tana buɗe shafi.