Gishirin Malam Yarema

A Chernihiv, bayan tsohuwar majami'a,
hawa na uku, inda matakala ke kuka,
nan Yarema Palamar ya yi shekara arba'in da ɗoriya
da piyano mai mataccen haƙori guda.
In ka danna shi, shiru.
Ya hana a gyara:
"Ku bar shi. Shi ke koya wa sauran ladabi."

Ina 'yar shekara tara uwata ta kai ni,
hannuna na warin albasa, takalmina ya sha ƙanƙara.
Bai tambayi sunana ba.
Ya buɗe taga, sanyi ya faɗo kamar mai bin bashi,
ya ce, "Me kika ji?"
Na ce ban ji komai ba.
"To koma gida. Gobe ki zo da kunnuwanki."

Washegari na ji hankaka, na ji ƙararrawa,
na ji kogin Desna na nishi a ƙarƙashin mayafinsa.
Sannan ya bar ni na taɓa katakon.

Rana tamu ce, mu goma sha ɗaya,
masu yatsu kamar itacen girki.
Dare kuwa na opera ne:
labarin fataken gishiri na dā
masu kora shanu da amalanke zuwa tekun kudu,
da matar da ke ƙirga kwanakinsu da ƙwayar wake.
Shekara goma sha bakwai yana sassaƙa ta.
Matarsa Ustina ke kwafewa da tawada,
a fage na biyu idonta ya fara dushewa.

Da ya kai ta ofis, maza uku masu kwat iri ɗaya
suka ba shi shayi, suka yaba kiɗa,
suka ce, sai dai harshen.
A juya baitocin zuwa na masu mulki,
wai na ƙauye ba ya hawa dandamali.
Ya tattara takardunsa a hankali, ya ce,
"Sa ba ya jan kaya sai da harshen da aka raine shi."
Ta koma akwatin gwangwani a ƙarƙashin gado,
maƙwabciyar buhun dankali.

Kada in yi masa ƙarya don ya mutu.
Ya rubuta musu waƙoƙin fareti, ya sayi gawayi da ladan.
Ga saurin fushi: ya taɓa jifana da fensir,
da yamma ya aiko da tuffa, ba ko kalma.

Ashe wayo yake mana.
Kowane yaro da darasinsa, layi takwas, ba suna,
"Maimaita har ya zauna a ƙashinka."
Mu dai mun ɗauka motsa yatsu ne.

Ranar da muka binne shi, a teburin makoki,
jar miya na huce a kwanuka,
Orest, wanda ya zama direban jirgin ƙasa,
ya yi fiton darasinsa don hana kansa kuka.
Inda ya tsaya, nan nawa ya fara.
Inda na tsaya, Darina ta ɗauka da rawar murya.
Muka dubi juna.
Sai ga shanu sun shigo ɗakin, ga ƙarar amalanke,
ga mata tana zuba wake a tasa,
Ustina makauniya na buga tebur da cokali
tana cewa, "A hankali, nan hanyar akwai taɓo."

Bai ɓoye ta a ƙarƙashin gado ba.
A cikinmu ya barbaɗa ta, kamar gishiri a miya.

Ni ban zama mawaƙiya ba.
Gyaran piyano nake, gida gida, da jakar ƙarafa.
Na tayar da matattun haƙora sun fi dubu.
Nasa yana ɗakina.
Duk safiya nakan danna wannan guda,
in buɗe taga.