Wake a Kwalba

Shekara arba'in ina duƙe a gonar Tsiga,
ƙasar da ke son wake da ƙamshi nake gane ta.
Yau ga ni a Sheffield, gidan ɗana Lawandi,
riga uku a jiki, ina jiran layin likitan ido,
ba fartanya, ba ko akuyar da zan kora.

Ran Litinin Saude ta dawo daga aji ɗaya,
jakar littafi na dukan gwiwarta,
safar hannu ɗaya ta ɓata kamar kullum.
Ta rungumo kwalbar da aka shanye zumarta,
ciki auduga jiƙaƙƙiya da ƙwayar wake guda
an matse ta a jikin gilashi, abin tausayi.

Ta ce, "Kaka, wannan kimiyya ce.
Malama Pritchard ta ce kowa ya yi gona."
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Gona ba ƙasa? Shuka ba damina?
Ta ɗaure fuska irin ta uwarta,
ta kai kwalbar bakin taga
inda rana ke leƙowa kamar baƙuwa mai kunya.

An ba ta takarda mai gida-gida,
kowace rana da gidanta,
a zana abin da aka gani, a sa kalma a ƙasa.
Ba sunan baƙi suke kira ba, sautinsa,
tana sss kamar kumurci, tana mmm kamar mai santi,
sai ta haɗa su, kalma ta faɗo.
Talata, ba komai.
Laraba, ba komai.
Alhamis ta yi wa waken ido biyu a rufe.

Juma'a ta shigo ko takalmi ba ta cire ba.
Na Tobias ya tsaga, na Harpreet ya yi saiwa,
nata kaɗai ke kwance kamar tsakuwa.
Ranar ko ayaba ta ƙi ci.

To ni tun Talata na ɗebi waken alalen surukata
na jiƙa a tsumma bayan bututun ɗumama ɗaki.
Manomi ba ya shuka rami ɗaya.
Dare ya raba, na lallaɓo da mai tsiro a tafin hannu,
na sa yatsa biyu a kwalba,
sai na ji matakala ta yi ƙara.

Tana tsaye da rigar barci, giɓin haƙori biyu,
ta dubi hannuna, ta dubi kwalbarta.
"Malama ta ce a rubuta abin da aka gani.
Ko babu ne, a rubuta babu."
Na tsaya da wake a hannu kamar ɓarawon kaza.
Na tuna shekarar da na yi shuka sau uku,
sama ta yi shiru,
ban rubuta a ko'ina ba, sai a ƙashin bayana.

Na taɓa audugar. Ruwa tsundum, sanyi ƙalau.
Na ce, "Kin shayar da shi har ya ƙoshi,
kuma taga ba wurin kwanan jariri ba ce."
Muka matse, muka matsar da shi kusa da ɗumi.
Ta ɗauko fensir a daren nan,
ta tambaye ni da wane sauti sunana ya fara.

Kwana tara cif.
Ihunta ne ya katse mini lazimi.
Wani farin abu kamar bakin zare
ya leƙo, ya sunkuya yana neman ƙasar da babu.
Ta ɗora rula: rabin santimita.
Ta zana shi ya fi gidan takardar tsawo,
gefensa wani tsoho da hula da kunnuwa manya.

Waken sata kuwa yana robar yogot a ɗakina.
Ta tsaga mini takarda, ta ja mini gidaje bakwai.
Kullum bayan asuba nakan cike nawa da ajami,
ita ke dubawa kafin ta tafi makaranta.
Jiya ta ce ban sa kwanan wata ba.