Gilashin Gaba

Ranar Laraba na kai ta wanki, bayan tashar Jega.
Na ce wa Zayyanu, "Goge ta ta yi ƙyalli,
mai saye zai zo daga Aliero."
Yaron ya ɗauko wata kwalba
mai hoton motar da ba sa'ar tawa ba,
ya shafe ƙofofi, ya shafe boneti.
Ɗan abin da ya rage a tsumma
ya ga asara ce a bar shi,
sai ya bi gilashin gaba da shi.

Ta yi kyau, ba zan ɓoye ba.
Har furfurar gemuna na ƙirga a jikinta.

Mai saye bai zo ba.
Ruwa ne ya zo.

Ya tare mu da magariba kafin Koko,
mutum bakwai, da buhun albasa biyu a baya.
Na murɗa waifa.
Kaf-kaf-kaf-kaf,
kamar haƙoran mai masassara.
Ta je da tuntuɓe, ta dawo da tuntuɓe,
ta bar mini zane-zane inda nake neman hanya.
Fitilar tirela ta fashe a gilashin kamar ƙwai.
Wata tsohuwa a kujerar baya
ta daina ɓare gyaɗa, ta kama salati.
Na sauke gilashin gefe, na leƙa da kaina,
haka muka shiga gari, kunnena cike da ruwa.

Na ɗora wa roba laifi.
Na sayi sabuwa, ta yi kaf-kaf.
Na lanƙwasa ƙarfen da filaya, ta ƙara kaf-kaf.

Sahabi mai gilas bai ko taɓa waifar ba.
Butar alwalarsa ya ɗauko, ya watsa.
Ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, yana gudu,
kamar a bayan agwagwa.
Ya ce, "Ka gani? Gilas ɗinka ya ƙi ruwa.
Ita kuwa roba bisa ruwa take tafiya.
Ka janye mata tabarma, kana tambayar
me ya sa take ɗingishi."

Ya ba ni bokiti, ya koma kan bencinsa.

Omo da ruwan ɗumi, sau biyu.
Sifirit a tsohuwar jarida,
warinsa har cikin ido.
Sannan wani farin ƙulli, kamar alli da aka dama,
a ɗan dangwala, a murza a zagaye,
faɗin tafin hannu, sai a matsa gaba.
Man da aka shafa cikin minti biyar
sai da ya ci mini hantsi har azahar.
Na bi bakin robar ita ma,
tsumman ya fito baƙi ƙirin.

Da sheƙin ya tafi, sai ga su sun dawo:
tabon tsakuwar da tifa ta harbo mini a gada,
da dogon zanen nan mai kama da jinjirin wata,
na daren da na kai Hajaru asibitin Birnin Kebbi
robar ta cire, ƙarfe zalla yana cin gilashi,
ni ko ban ji ba, nishinta nake ji.
Yarinyar yanzu tana aji uku.

Sahabi ya sake watsa buta.
Ruwan ya kwanta, ya shimfiɗu,
kamar fadama a watan takwas.

Da la'asar aka soma yayyafi.
Na zauna ciki ni kaɗai, ban ɗau kowa ba.
Na murɗa.
Shuu. Ta je.
Shuu. Ta dawo.
Na ga mai rake a tsallaken titi
yana rufe bairo da leda, har igiyar na gani.

Waya ta yi ƙara a aljihuna.
Mutumin Aliero ne.
Na bar ta tana yi.