Bindiga Mai Faifai

A silimar Sabon Gari, wadda ba ta da rufi,
sule biyu ke kai mu bencin gaba,
inda wuya ke ƙagewa don kallon sama.
Fim ɗin ya girme mu, fari da baƙi,
duk ya kakkarce kamar ana yayyafi a cikinsa.
Turancin Amurkawan ta hanci yake fita, ba ma tsintar ko ɗaya,
amma bindigogin mun san su kamar 'yan gidanmu.

Akwai 'yar ƙarama mai farar ƙota
da zabiya ke sokewa a bakin safarta.
Akwai ta ɗan sanda, mai cin harsashi shida,
ko da yake mun ƙirga ya harba tara bai sake ɗuri ba.
Sai uwar gayya, mai faifai a ciki,
da ake zarowa daga akwatin goge.
In ta buɗe baki, ganga ke amsa mata,
kwalabe na tarwatsewa daidai da kiɗa,
'yan rawa ko ƙafa ba su saɓa ba.

Washegari Jibo kafinta ya sassaƙa mana ita,
muka kafa mata gwangwanin madara da ƙusa.
A bakin Kubanni muke kashe juna har magariba.
Tanimu ya fi kowa iya mutuwa:
ya dafe ƙirji, ya juya sau biyu,
ya cire hular kwali ya gaida jama'a,
sannan ya zube cikin yashi yana dariya.

Bara, da kaka, a hanyar Giwa,
yana tuƙa buhunan masara zuwa Kwangila,
aka tare shi.
Yaron motarsa ya ce ƙarar ba ta da daɗin ji,
kamar an buga ƙyauren langalanga, sau ɗaya.
Ba ganga. Ba wanda ya juya sau biyu.
Rediyon motar ma a kashe yake.

Yanzu silimar ta zama wurin ajiye siminti.
Na leƙa jiya, bangon yana nan da sauran farinsa.
Na tsaya ina jira a kunna fitila,
kowa ya tashi ya kakkaɓe wando,
har wanda aka harbe.
Mai gadi ya ce, Malam, buhu nawa za a ɗora?